Maganin fitsari ne, me ya kai shi ga saukar da jini?

Tambaya: Ni ɗaliba ce a makarantar koyon aikin jinya, ina shekarar ƙarshe. Mahaifina mai shekara 68 yana fama da wahalar fitsari. Likita ya ce firostet ɗinsa ce ta girma, wato ƙullin da ke kewaye da hanyar fitsarin maza a ƙasan mafitsara, ya rubuta masa doxazosin. Daren da ya fara sha, da ya tashi alwalar asuba sai jiri ya ɗebe shi ya zube a bakin banɗaki. Dama yana shan amlodipine na hawan jini. Me ya haɗa maganin fitsari da jini? Sannan akwai abin da ke rikita ni a karatu. An ce motsa makarɓan alfa yana ɗaga jini, amma clonidine da methyldopa su ma alfa suke motsawa, kuma da su ake sauke jini. Ta yaya haka?

Amsa: Ƙanwata, Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Tambayoyinki biyu saiwarsu ɗaya, don haka zan bi su a jere.

Doxazosin bai san firostet ba. Abin da ya sani shi ne wani furotin da ke zaune a fatar ƙwayoyin tsoka, wanda ake kira makarɓin alfa-1, kuma duk inda ya tarar da shi toshe shi zai yi. Wannan makarɓi yana cikin firostet da wuyan mafitsara. Yana kuma bangon jijiyoyin jini, da cikin ido, da hanci, da hanyar maniyyi. Likita wurare biyun farko ya nufa, amma ƙwayar da aka haɗiya jini ne ke yawo da ita, kowa sai ya samu rabonsa. Jirin da ya kayar da Baba aikin maganin ne kansa, a wurin da ba a aike shi ba.

Masu kawo wa waɗannan makarɓa saƙo sinadarai biyu ne. Noradirenalin yana fitowa ne daga ƙarshen jijiyoyin saƙo (ba na jini ba) da ke shirya jiki lokacin firgita ko aiki, yana zuba kai tsaye a kan tsoka. Adirenalin kuwa daga tsakiyar wani ɗan ƙulli da ke kan kowace ƙoda yake shiga jini. Dukansu daga tayirosin ake ƙera su: tayirosin ya koma dofa, dofa ya koma dofamin, dofamin ya koma noradirenalin a cikin 'yan jakunkunan da ke ƙarshen jijiya, sannan a ƙullin kan ƙoda wani enzayim, wato furotin mai sarrafa sinadarai, ya ƙara mataki ɗaya ya mai da shi adirenalin. Ki riƙe wannan jerin, zai dawo idan muka zo kan methyldopa.

An daɗe ana mamakin yadda sinadari guda zai tsuke wata jijiyar jini ya kuma buɗe wata. A 1948 Raymond Ahlquist na kwalejin koyon likitanci ta jihar Jojiya a Amurka ya gwada sinadarai shida 'yan gida ɗaya a kan sassan jikin dabbobi, ya jera su bisa ƙarfinsu. Sai ya ga jerin iri biyu ne kawai. Ya ce to makarɓan iri biyu ne, ya sa musu alfa da beta. Mujallar farko da ya aika wa aikin ta ƙi bugawa, kuma ko da aka buga shi a wata, shekaru aka yi ba a waiwaye shi ba, sai da James Black ya dogara da shi ya ƙirƙiro propranolol, maganin zuciya mai toshe beta. A 1974 Salomon Langer ya raba alfa gida biyu, alfa-1 da alfa-2. Yau an san kowanne yana da iri uku: alfa-1A, 1B, 1D, da alfa-2A, 2B, 2C.

Ga abin da ke faruwa idan noradirenalin ya sauka a kan alfa-1. Makarɓin zare ne na furotin da ya ratsa fatar ƙwayar halitta sau bakwai, kansa a waje, wutsiyarsa a ciki. Da saƙo ya zauna a aljihunsa sai siffarsa ta ɗan sauya, ya taɓa wani furotin da ke manne a ciki, Gq. Shi Gq sai ya kunnu, ya tayar da enzayim fosfolifes C. Wannan enzayim yana yanka wani kitse na fatar ƙwayar, PIP2, gida biyu: IP3 da DAG. IP3 ya gangara ya buɗe rumbun kalsiyam na cikin ƙwayar. Kalsiyam ya kama kalmodulin, su biyun su kunna enzayim da ke ɗora fosfet a kan mayosin, mayosin ya kama aktin ya ja, su ne zarurrukan furotin da ke tsuke tsoka. DAG kuma yana kunna furotin kinas C, wanda tare da wata hanya ta Rho ke hana a cire wannan fosfet da wuri, shi ya sa tsukewar take daɗewa ba tare da an ci gaba da kwararo kalsiyam ba. Tsokar nan kewaye take da bututu, ko na jini ko na fitsari, kamar zariya a ƙugun wando. Alfa-1 shi ke jan zariyar. Doxazosin yana zama a aljihun makarɓin ba tare da ya sauya siffarsa ba, noradirenalin ya zo ya tarar an riga shi, zariya ta saki.

Yanzu mu koma bakin banɗaki da asuba. Mutum yana kwance jininsa a shimfiɗe yake, zuciya ba ta fama da nauyi. Da ya miƙe tsaye, rabin lita zuwa lita guda na jini zai gangara ƙafafu da ciki cikin daƙiƙoƙi. Jinin da ke komawa zuciya ya ragu, abin da take turawa ya ragu. Akwai masu gadin awon jini a jijiyar wuya da babbar jijiyar da ta fito daga zuciya. Nan take suke sanar da ƙasan ƙwaƙwalwa, ita kuma ta aika noradirenalin: ta beta-1 zuciya ta ƙara sauri, ta alfa-1 jijiyoyi su tsuke, musamman waɗanda ke mayar da jini zuwa zuciya. Duk wannan yana ƙarewa kafin mutum ya laluba takalminsa. A daren nan jikin Baba ya aika saƙon, amma ƙofar alfa-1 a toshe take. Ga amlodipine ya riga ya sassauta jijiyoyin ta wata hanyar, ga shekaru sun rage kaifin masu gadin, ga shi ya kwana bai sha ruwa ba. Ƙari a kan haka, zubar da fitsari bayan mafitsara ta cika shi kansa yana iya sauke jini. Sai ƙwaƙwalwa ta rasa isasshen jini na 'yan daƙiƙoƙi, ido ya yi duhu, gwiwa ta sage.

Wannan abu sananne ne tun zamanin prazosin, wani mai toshe alfa-1 da ya riga doxazosin fitowa, kuma ya fi tsanani a shan farko, ko lokacin da aka ƙara yawan maganin, ko aka koma masa bayan an yi kwanaki ba a sha ba. Shi ya sa ake fara doxazosin da miligiram 1 kacal a ƙara a hankali, kuma ake cewa a sha lokacin kwanciya. Sai dai shawarar nan tana ɗauka cewa mutum zai kwana a gado har gari ya waye. Dattijon da firostet ke tayar da shi sau uku ko huɗu cikin dare, kuma zai fita masallaci da duhu, shan dare bai kare shi ba sai an gaya masa yadda zai tashi.

Abin da nake ganin ya dace ki yi: ku koma wurin likitan kafin ya sake sha, ku gaya masa faɗuwar, ku tafi da duk magungunan da Baba yake sha, har da na kemis da na gargajiya. Idan ya bugu a kai, ko ya suma sosai, ko ya ji ciwon ƙirji ko bugun zuciya marar tsari, ba a jira, domin ba kowace faɗuwar dattijo ce ta magani ba. Ke da kanki ki auna jininsa bayan ya kwanta minti biyar, ki sake aunawa a minti ɗaya da minti uku bayan ya miƙe. Idan lambar sama ta sauka da 20 ko fiye, ko ta ƙasa da 10, kin samu hujjar da za ki nuna. Ki kuma koya masa ya zauna a bakin gado ya motsa ƙafafu kafin ya miƙe, ya yi fitsarin dare a zaune ko a tsugune, ya tashi daga nan ma a hankali yana dafe da bango.

Mai yiwuwa likitan ya mai da shi kan tamsulosin, miligiram 0.4 sau ɗaya a rana bayan cin abinci. Dalilin yana cikin waɗancan haruffa. Mafi yawan alfa-1 na firostet nau'in 1A ne, jijiyoyin jini kuwa suna da kaso mai yawa na 1B, musamman a jikin tsofaffi. Tamsulosin ya fi kama 1A da 1D, silodosin ya fi shi ma tsantsenin 1A. Don haka jiri ya fi sauƙi da su, ko da yake bai ɓace gaba ɗaya ba. Kowane zaɓi da kuɗinsa: hanyar maniyyi ma 1A ce, shi ya sa wasu mazan kan ga maniyyi ya ragu ko bai fito ba sam. Ba haɗari ba ne, amma mutum ba zai faɗa ba sai an tambaye shi, sai dai kawai ya ajiye maganin a ɗaki.

A ra'ayina, tunanin ba dattijo doxazosin don a jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, wato fitsari da hawan jini, ya rage armashi tun shekarar 2000. A lokacin ne aka dakatar da ɓangaren doxazosin na babban binciken ALLHAT a Amurka, saboda masu shan sa sun fi masu shan chlorthalidone, wani maganin hawan jini, kamuwa da gazawar zuciya, kusan ninki biyu. Har yanzu yana da wurinsa, musamman a matsayin ƙari idan jini ya ƙi sauka da magani uku, amma ba shi ake farawa da shi ba. Ki kuma sani cewa babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke rage girman firostet. Tsoka kawai suke sassautawa, shi ya sa ake jin sauƙi cikin kwanaki. Mai rage girma finasteride ne da ɗan'uwansa dutasteride, ta hanyar sinadarin maza suke bi, kuma watanni suke ɗauka.

Abubuwa uku za su iya cin Baba da baya nan gaba. Idan za a yi masa aikin yanar ido, dole likitan ido ya san ya taɓa shan tamsulosin, ko da ya daina. Tsokar da ke buɗe ƙwayar ido alfa-1A ke sarrafa ta. A 2005 David Chang da John Campbell suka bayyana yadda zoben idon masu shan maganin ke yin laɓo-laɓo ana tsakiyar aiki, yana kaɗawa yana leƙowa ta inda aka yanka. Likitan da aka sanar yana da dabarun shiryawa. Sai sildenafil da danginsa, magungunan ƙarfin maza waɗanda mutane ke saye a kemis ba tare da sun faɗa wa kowa ba: haɗa su da masu toshe alfa-1 na iya sauke jini sosai. Na ukun shi ne maganin mura. Pseudoephedrine da phenylephrine da ke cikin ƙwayoyin mura da yawa alfa-1 suke motsawa, don su tsuke jijiyoyin hanci. Wuyan mafitsara ma zai tsuke. Dattijo mai babbar firostet da ya sha su lokacin hunturu yana iya wayar gari fitsari ya ƙi fita ko ɗigo, sai an sa masa roba.

Tunda mun taɓa hanci, na ɗigawa irin su xylometazoline da oxymetazoline suna aiki cikin mintuna, amma makarɓin da aka dame shi ba hutu yakan janye. Enzayim na ɗora masa fosfet, wani furotin mai suna arestin ya rufe shi, ƙwayar ta ja shi ciki. Bayan 'yan kwanaki hancin ba ya buɗewa sai da maganin, da ya sake shi kuma ya toshe fiye da da. Kada a wuce mako guda, gara ma a tsaya a kwana uku zuwa biyar.

A asibiti za ki ga ɗaya fuskar, inda jan zariyar ne ke ceton rai. Matar da aka yi wa allurar baya don tiyatar haihuwa jininta kan faɗi domin an kashe jijiyoyin da ke kai noradirenalin, sai a ba ta phenylephrine ko ephedrine. Wanda jikinsa ya yi mummunar bore ga allura ko harbin ƙudan zuma, rabin miligiram na adirenalin a tsokar cinya ga babba shi ne magani na farko, kuma alfa-1 ne ke ɗaga jinin ya rage kumburin maƙogwaro. Sai matasa masu sikila da gabansu kan miƙe ya ƙi kwanciya da ciwo: idan ya kai awa huɗu gaggawa ce, likita kan zuƙe jinin ya yi allurar phenylephrine a wurin don tsokar ta tsuke jinin ya fita. Kunya na sa yara da yawa ɓoye wannan har a makara, ki riƙa tambaya.

To ga tambayarki ta biyu. Alfa-2 ba Gq yake taɓawa ba, Gi ne. Idan ya tashi, yana danne enzayim adenilil sayikles, cAMP, ɗan saƙon cikin ƙwaya da wannan enzayim ke ƙerawa, ya ragu. Sauran ɓangaren furotin ɗin kuma ya buɗe ƙofofin fotasiyam ya rufe na kalsiyam. Ƙwayar jijiyar da fotasiyam ke fita daga cikinta tana yin sanyi, ba ta saurin harbawa, kuma ba kalsiyam ba sakin noradirenalin. Abin da ya fi muhimmanci shi ne inda yake zaune. Da yawansa a kan ita kanta jijiyar da ke sakin noradirenalin yake, yana jin abin da ta zubar, idan ya yi yawa ya ce ya isa. Akwai shi kuma a ƙasan ƙwaƙwalwa, a cibiyar da ke ba dukkan waɗannan jijiyoyi umarni. Clonidine yana ratsawa cikin ƙwaƙwalwa ya motsa alfa-2A na can, umarnin ya ragu daga tushe, noradirenalin da ke isa alfa-1 na jijiyoyi da beta-1 na zuciya ya ragu. Jini ya sauka, bugun zuciya ya ragu, baki ya bushe, barci ya zo.

Da hanci ma aka gano shi. A farkon shekarun 1960 Helmut Stähle na kamfanin Boehringer Ingelheim a Jamus ya haɗa shi da nufin maganin toshewar hanci. Wata sakatariya mai mura ta ɗiga shi, ta yi barcin kusan yini da kwana, jininta ya sauka, zuciyarta ta yi sanyi. A 1966 ya shiga kasuwa a matsayin maganin hawan jini. Hatsarinsa shi ne dainawa kwatsam. Jijiyoyin da aka daɗe ana dannewa sai su ɓalle gaba ɗaya, jini ya haura fiye da inda yake tun farko, da ciwon kai da gumi da bugun zuciya. Ga wanda kan sha magani sai ya ƙare sannan ya nemi kuɗin wani, ba na son a ɗora shi a kan clonidine.

Methyldopa, wanda za ki fi gani a ɗakin awon ciki, wayo yake yi wa jerin da na ce ki riƙe. Ya yi kama da dofa, sai enzayim ɗin su karɓe shi su sarrafa shi mataki-mataki har ya zama alfa-metil-noradirenalin, wanda ke motsa alfa-2 na ƙwaƙwalwa. Saboda sai an bi waɗannan matakai, yana ɗaukar awoyi kafin ya yi aiki, don haka ba shi ne na gaggawa ba idan jinin mai ciki ya yi tashin da ake tsoron jijjiga. A nan labetalol, mai toshe beta da alfa-1 tare, ko hydralazine ko nifedipine ake nema.

Kada ki haddace cewa alfa-2 kullum sauke jini yake yi. Akwai shi ma a kan tsokar jijiyoyin jini, kuma can tsukewa yake sawa. Idan aka tura dexmedetomidine, maganin sa barci mai motsa alfa-2, da sauri ta jijiya, jini kan fara hawa na ɗan lokaci kafin aikin ƙwaƙwalwa ya rinjaya ya sauko. Masu sa barci a tiyata sun san wannan, shi ya sa suke ba da shi a hankali. A gefe guda kuma ga yohimbine, mai toshe alfa-2, wanda ke cikin ɓawon itacen da masu maganin maza ke kira ɗan Kamaru. Yana cire wancan burki, noradirenalin ya kwarara, jini da bugun zuciya su hau, hankali ya tashi. Mai hawan jini ba shi da abin nema a wurinsa.

Akwai wata guba da nake so ki iya ganewa, domin duk inda ake kiwo za a iya kawo miki ita. Amitraz, ruwan da ake wanke shanu da karnuka da shi don kashe kaska, alfa-2 yake motsawa a jikin mutum. Yaron da ya sha shi daga kwalbar da aka ajiye a ɗaki zai zo da barci mai nauyi, bugun zuciya a hankali, jini a ƙasa, jiki da sanyi, sau da yawa ƙwayar ido a tsuke. Sukarin jininsa kan hau, domin alfa-2A na hana sakin insulin. Sau da yawa akan ɗauka fiya-fiya ya sha, saboda tsukewar ido da jinkirin zuciya sun yi kama. Ki duba bakinsa da ƙirjinsa da fatarsa. Mai gubar fiya-fiya yana dalalar da yawu, gumi na keto masa, ƙirjinsa cike da majina, tsokarsa na rawa. Mai amitraz yawanci a bushe yake. Pralidoxime, maganin da ake ba mai gubar fiya-fiya, ba ya masa amfani. Abin da yake buƙata shi ne a kula da numfashinsa, a ba shi ruwa ta jijiya, a yi masa atropine idan zuciya ta yi jinkiri sosai, a riƙa auna sukarinsa, kuma yawancinsu suna farfaɗowa cikin kwana ɗaya ko biyu idan an tsare numfashin. Ki ce wa iyayen su kawo kwalbar, sunan sinadarin yana rubuce a jikinta.